Giyar Hannu ko Otomatik: Jagora ga Mai Sayen Motar Gudu

A watan Maris na 2013, a bajekolin motoci na birnin Jeniba, kamfanin Porsche ya yaye lulluɓin sabuwar 911 GT3. Ƙarfin inji ya ƙaru, gudu ma ya ƙaru, amma da mutane suka leƙa wajen ƙafafun direba sai suka tarar da feda biyu kacal, totur da birki. Babu kuloci. Kamfanin ya yanke cewa motar za ta fito da giyarsa mai sarrafa kanta, wadda yake kira PDK, ita kaɗai, domin babu hannun ɗan Adam da zai kamo ta wajen saurin sauyi. A lissafi injiniyoyin suna da gaskiya. Masu saye kuwa suka yi wa kamfanin ca.

A 2016 Porsche ya jarraba kasuwa da 911 R, guda 991 kacal, dukkansu da giyar hannu mai lamba shida. Nan da nan aka wawashe su, waɗanda suka samu kuma suka riƙa sayarwa ninkin-ba-ninkin kuɗin kamfani. Shekara guda bayan haka giyar hannu ta dawo cikin GT3. Alƙaluman da kamfanin ya bayar daga baya sun nuna cewa a Amurka kusan mutum 7 cikin 10 da suka sayi wannan samfurin giyar hannu suka zaɓa, alhali a duniya baki ɗaya kusan 3 ne cikin 10.

Abin mamaki, Amurka ita ce ƙasar da giyar hannu ba ta kai kashi 2 cikin 100 na sababbin motocin da ake sayarwa ba. Can ne ta yi ƙaranci har ta zama abin ƙawa, alamar wanda ya iya tuƙi kuma yake son sa. A Turai kuwa, inda aka saba ganin ta a ƙananan motocin zuwa cefane, mai kuɗin sayen motar gudu ya fi karkata ga otomatik. Ko BMW ya ɗanɗana wannan bambanci: M5 mai silinda goma ta fito da giya mai sarrafa kanta, amma matsin masu saye ya sa daga samfurin 2007 aka ƙera wa Arewacin Amurka ita da giyar hannu.

Wanda ya tara kuɗi zai sayi motar gudu, sabuwa ko ta hannu, wannan zaɓi ne da ba a gyara shi bayan an biya sai da asara. Ga yadda ake bi a yanke shi.

Matakin farko: sanin abin da ke kasuwa

Giyar hannu kowa ya san ta. Direba ya taka kuloci ya raba inji da giyabos, ya kai sanda ramin da yake so, ya saki kuloci. A ɗan tsakanin nan ƙarfin inji ba ya isa tayoyi. Yawancin motocin gudu na yau lamba shida gare su, kodayake Porsche 911 da Chevrolet Corvette sun taɓa fitowa da bakwai.

Abin da dillali ke kira otomatik kuwa iri uku ne, kuma halinsu ya sha bamban.

Na farko shi ne mai kwanbata, wato wani kasko rufaffe cike da mai, wanda ke karɓar juyin inji ya miƙa wa giyabos ba tare da an taka komai ba. Asalinsa tsoho ne, domin tun 1940 motocin Oldsmobile suka fito da Hydra-Matic mai aiki da mai. Tsofaffin irinsa lamba uku ko huɗu gare su, ga nawa ga shan fetur, kuma daga nan otomatik ta samo baƙin jini a wajen masu son gudu. Na zamani ya wanke wannan suna. Giyabos mai lamba takwas na kamfanin ZF na Jamus, wanda aka sa wa Toyota GR Supra da BMW M3 da Jaguar F-Type, yana kulle kwanbatar da zarar mota ta ɗan motsa, sai ƙarfi ya riƙa wucewa kai tsaye. Ford Mustang kuma tun 2018 take da mai lamba goma.

Na biyu giyar hannu ce da aka ɗora wa kwamfuta da famfon mai su riƙa taka kuloci a madadin direba. Daga tseren Formula 1 ta fito. A 1989 Ferrari ya kawo motar da ake sauya wa giya da wasu 'yan kunnuwa biyu a bayan sitiyari, kuma Nigel Mansell ya ci tseren farko da ita a Birazil. A 1997 dabarar ta sauko titi a cikin Ferrari F355 F1, BMW ma ya yi tasa mai suna SMG, Lamborghini ya yi e-gear. A guje tana da daɗi, amma a cikin gari fizga take yi tana cin kuloci. Yanzu kusan sai a motocin hannu ake samun ta, kuma ita ce mai saye ya kamata ya fi yi wa kallon tsanaki.

Na uku shi ne mai kuloci biyu, kuma shi ya canza komai. Giyabos biyu ne a jiki ɗaya: kuloci guda na riƙe da lamba ɗaya, uku, biyar da bakwai, ɗayan na riƙe da biyu, huɗu da shida. Mota tana tafiya a lamba uku, lamba huɗu ta riga ta shiga tana jira. Aikinsu irin na mata biyu ne masu lugude a turmi ɗaya, taɓarya na ɗagawa wata na sauka, dakan ba ya tsayawa. Porsche ya gwada shi a motocin tserensa 956 da 962 a shekarun 1980, Volkswagen ya fara sayar da shi ga jama'a a Golf R32 a 2003 da sunan DSG, Nissan GT-R ta zo da shi a 2007, 911 kuma a 2008 da sunan PDK. Akwai mai kuloci a jiƙe cikin mai, wanda ya fi jure zafi da ƙarfi, akwai busasshe, wanda aka fi sa wa ƙananan injina kuma ba ya son tafiyar hawainiya.

Mataki na biyu: abin da agogo ya ce

A nan babu sauran gardama. A ɗauki 911 GT3 ta 2021: inji ɗaya ne, lita 4.0, ƙarfin doki 510, yana juyawa har 9,000 a minti. Mai PDK tana kai kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa 3.4 daga tsaye. Mai giyar hannu sai 3.9, kuma wannan a hannun ƙwararre ne da bai yi kuskure ko ɗaya ba. Mai PDK kuwa ko sabon shiga zai maimaita lokacinta sau goma a jere.

A filin tsere tazarar ta fi haka, domin hannayen direba biyu ba sa barin sitiyari, kuma kwamfuta tana saukar da giya a bakin kwana ba tare da bayan mota ya girgiza ba. Shi ya sa GT3 RS, wadda aka ƙera don neman lokaci, PDK kaɗai take zuwa da ita. A Formula 1 ma rabon da a ga sandar giya tun tsakiyar shekarun 1990.

Tsohuwar maganar cewa giyar hannu ta fi tsimin fetur ita ma ta juya. Mai lamba takwas ko goma yana barin inji ya yi ƙasa-ƙasa da juyi a doguwar hanya, abin da mai lamba shida ba zai iya ba. Wannan ya yi wa kamfanoni daɗi, domin dokokin hayaƙi a Turai sai ƙara tsanani suke yi, kuma kowane haɗin inji da giyabos sai an kashe kuɗi an yi masa gwajin hukuma daban. Idan masu neman giyar hannu 'yan tsiraru ne, kuɗin ba ya fita. Ferrari 458 Italia ta fito a 2009 babu kuloci, California kuma, Ferrari ta ƙarshe da aka bai wa zaɓin giyar hannu, waɗanda suka yi odarta haka ba su cika yatsun hannu ba. Lamborghini ya rufe babin da Gallardo a 2013. Corvette, wadda Amurkawa suka shekara fiye da sittin suna tuƙawa da kuloci, ta koma mai kuloci biyu zalla a 2020.

To me ya rage wa giyar hannu? Ta fi sauƙin nauyi, domin a wannan GT3 ɗin bambancin kilo 17 ne, har ma ƙarshen gudunta ya ɗara kaɗan, kilomita 320 a awa maimakon 318. Kayan cikinta kaɗan ne. Babban abin dai shi ne tana bai wa direba aikin yi a gudun da doka ta yarda da shi. Motar da ke kai 100 cikin daƙiƙa uku da ɗoriya ta gama nuna bajintarta kafin a kai ƙarshen layi, daga nan sai zaman riƙe sitiyari. Mai giyar hannu kuwa ko a 60 yake tafiya, ƙafafunsa biyu da hannunsa da kunnensa duk suna aiki. Wannan ne abin da masu zaɓenta ke biya wa kuɗi, kuma sun san agogo ba ya bayansu.

Mataki na uku: tambayoyi biyar kafin a je wurin dillali

Ina motar za ta yi yawancin rayuwarta? Wanda zai riƙa shiga cunkoso da ita safe da yamma, taka kuloci mai tauri sau ɗaruruwa zai gundure shi cikin wata guda. Irinsa mai kwanbata ya fi dacewa da shi, domin mai ne ke ɗaukar wahalar tsayawa da tashi. Wanda zai riƙa zuwa filin tsere yana duba agogo, mai kuloci biyu. Wanda kuma motar ta fita ce ta ƙarshen mako a hanya mai kwane-kwane, shi ne giyar hannu za ta biya.

Yaya girman injin? Ƙananan motocin gudu irin Mazda MX-5, wadda aka fara a 1989 kuma ta haura miliyan ɗaya a 2016, da Toyota GR86 da 'yar'uwarta Subaru BRZ, ƙarfinsu a saman juyi yake. Sai an riƙa sauya giya ake fito da shi, kuma akasarin masu sayen MX-5 da BRZ a Amurka giyar hannu suke ɗauka. Idan ƙarfi ya haura doki 600, lambobin farko kan ƙare kafin hannu ya koma kan sitiyari, kulocin kuma sai ya yi tauri kafin ya riƙe. Akwai masu saɓa wa wannan, irin Cadillac CT5-V Blackwing mai doki 668 da giyar hannu, amma ba su da yawa.

Wa zai tuƙa ta bayan mai ita? Idan uwargida ko ɗa ko direba za su taɓa ta, a duba ko sun iya kuloci, domin na motar gudu ba wurin koyo ba ne. A Birtaniya da ƙasashen Turai da dama, wanda ya ci jarrabawar tuƙi da otomatik lasisinsa bai ba shi damar tuƙa giyar hannu ba. Mai ciwon gwiwar hagu ko ƙugu shi ma ya sa wannan a lissafi.

Wa zai gyara ta? Wannan tambaya ta fi nauyi ga mai saye a Kano ko Abuja ko Yamai fiye da na Jamus. Tsarar da ta koyi tuƙi a Peugeot 504 ta Kaduna ta bar makanikai masu iya sauke giyabos na hannu su canza faifan kuloci a kusan kowane gari. Mai kuloci biyu kuwa ƙwaƙwalwa gare shi da ke zaune cikin mai, tana bukatar kwamfutar bincike da ainihin man da kamfani ya ƙayyade, ga zafin ƙasa yana ƙara mata wahala. A ɗaya ɓangaren, motocin hannu da ke sauka a Legas da Kwatano daga Amurka galibinsu otomatik ne, don haka mai neman Mustang ko Camaro ta giyar hannu sai ya yi haƙurin nema. Masu wasan mota da ke karkata bayanta tana zamiya, su kuma tsofaffin BMW masu giyar hannu suke farauta, saboda da bugun kuloci ake sa tayoyin baya su saki ƙasa. Wannan wasa na killataccen fili ne, titin jama'a ba wurinsa ba ne.

Shekara nawa za a riƙe ta? Amsar ta shafi kuɗi, kuma za a zo kanta.

Mataki na huɗu: gwajin tuƙi

Motar giyar hannu da sanyinta ake fara gwada ta, don haka a roƙi mai sayarwa kada ya tayar da ita kafin a iso. Ana tayarwa a saurara. Ƙarar da ke zuwa idan an taka kuloci ta ɓace idan an saki, ko akasin haka, alama ce wani abu ya ci a ciki. Sai a lura da inda kulocin ke kamawa. Idan sai ƙafa ta kusa ɗagewa gaba ɗaya mota ke motsi, faifan ya kusa ƙarewa.

A kan hanya a sa lamba biyar a gudun kilomita 60, a take totur har ƙasa, ido na kan agogon juyin inji. Idan allurarsa ta yi tsalle alhali maleji bai bi ta ba, kuloci na zamewa. Daga nan a sauya daga ɗaya zuwa biyu da ɗan sauri, a kuma sauko daga uku zuwa biyu. Ƙarar gurzar haƙora a nan tana nufin zoben da ke daidaita gudun giya ya cinye, kuma lamba biyu ce ta fi shan wahala a hannun masu ganganci. A kowace lamba a taka totur a saki farat ɗaya, a ga ko sanda za ta fita da kanta. Idan an kashe mota aka ji kwaramniya daga ƙasa, wataƙila filawil ne, kuma a motocin zamani yakan fi faifan kuloci tsada.

Akwai binciken da ido ba ya yi. Kwamfutar Porsche tana rubuta duk lokacin da inji ya wuce iyakar juyinsa, ta kasa shi mataki-mataki har shida a samfuran da suka fito daga tsakiyar shekarun 2000. Masu sayen 911 ta hannu a Turai da Amurka ba sa biya sai sun ga wannan rahoto. Duk motar da ke ajiye irin wannan bayani, a nemi a karanta shi.

Otomatik kuwa da zafinta take tona asirinta, don haka zagayen minti biyar bai isa ba, a ba ta kamar rabin awa. A tsaye, ƙafa kan birki, a kai ta D, a dawo R. Ya kamata ta kama cikin daƙiƙa guda ba tare da duka ba. A nemi cunkoso a bi shi a hankali, domin a nan mai kuloci biyu da ya gaji ke karkarwa da fizga. A yi ribas a kan ɗan tudu. A koma sarrafawa da kunnuwan sitiyari a ga ko giya na shiga da zarar an taɓa, da kuma ko motar na barin direba ya riƙe lamba har ƙarshen juyi ko tana sauyawa da kanta, domin wannan na raba masu daɗin tuƙi da marasa shi. A ƙarshe a nemi takardun canjin mai. Volkswagen, misali, ya ƙayyade kilomita 60,000 ga DSG ɗinsa mai lamba shida mai jiƙaƙƙen kuloci. Man da ya yi baƙi yana warin ƙuna ya isa dalilin fasa ciniki.

Mataki na biyar: hannun da kowace ke bukata

Wanda ya zaɓi giyar hannu, abu na farko da zai koya shi ne daidaita juyi wajen saukar da giya. A ce MX-5 ce tana tafe a lamba huɗu, allura na kan 3,000, kwana na gabatowa. A wannan gudun lamba uku tana bukatar inji ya kai wajen 4,000. Idan direba ya sa ta ya saki kuloci haka kawai, tayoyin baya ne za su fizgo injin sama, motar ta yi tsalle, a jiƙaƙƙen titi ma bayanta na iya juyawa. Gwani yakan taka kuloci, yana cikin kai sanda sai ya ɗan ɓalli totur, vum, allura ta hau, ya saki kuloci a daidai lokacin. Fasinja sauti kawai zai ji, jikinsa ba zai motsa ba.

Mataki na gaba shi ne yin haka ana tsakiyar taka birki. Tushen babban yatsan ƙafar dama na kan birki, ƙafar hagu ta taka kuloci, sai a karkata ƙafar dama gefenta ko dunduniyarta ta ɓalli totur ba tare da nauyin da ke kan birki ya canza ba. A fara koyo a tsaye, mota a kashe, a ga yadda ƙafa ke isa fedojin biyu, sannan a fili marar jama'a, da takalmi mai siririn ƙasa. Wanda bai son wahalar, Nissan 370Z ta kawo tsarin da ke ɓallin totur da kansa tun 2009, kuma yau Toyota, Honda, BMW da Porsche duk suna da irinsa, galibi da maɓallin kashewa.

Halaye uku ke kashe giyar hannu: ajiye ƙafa a kan kuloci ana tafiya, riƙe mota a tudu da rabin kuloci maimakon birkin hannu, da jingina hannu a kan sanda. Na huɗu shi ne mai rusa inji. Direba na gudu a lamba biyar, ya nufi huɗu, hannunsa ya karkace ya faɗa biyu. Kwamfuta na iya yanke fetur idan totur ne ke tura inji ya wuce iyaka, amma a nan tayoyi ne ke juya shi, babu abin da za ta iya. Bawul-bawul su lanƙwashe cikin ƙiftawar ido. Maganinsa kada a damƙe sanda da ƙarfi, a bar sifirin ɗinta ya mayar da ita tsakiya, inda uku da huɗu suke, kuma idan an fara sakin kuloci aka ji inji ya yi kururuwa, a mayar da ƙafa nan take.

Mai otomatik ma yana da nasa ladubban. Mai kuloci biyu ba ya son a riƙa jan jiki taku-taku a cunkoso, gara a bar tazara ta buɗe sannan a tafi sosai. Ba a riƙe shi a tudu da totur. Ba a sa ribas sai mota ta tsaya cak. Tsarin fizgar tashi da ke ba da waɗancan daƙiƙoƙi na talla ba a taɓa shi sai mai ya yi zafi. Idan batir ya mutu turi ba ya tayar da ita, idan kuma ta lalace a hanya a ɗauke ta a bayan babbar mota, kada a ja ta da igiya.

Mataki na shida: lissafin kuɗi

A da giyar hannu ita ce mai araha a wurin saye. Yanzu a GT3 kuɗin ɗaya ne, kuma da BMW ya sa ta a Z4 mai silinda shida a 2024, ƙarin kuɗi ya nema. Wajen gyara, kuloci abu ne mai cinyewa da dole a canza wata rana, tsawon ransa kuma a ƙafar direba yake. Otomatik mai kyau na iya daɗewa ba ta nemi komai ba sai mai, amma ranar da ƙwaƙwalwarta ta tafi, kuɗin ya ninka na kuloci.

Wajen sayarwa ne giyar hannu ke ramawa. Ferrari 599 GTB guda 30 kacal aka ƙera da ita, kuma a 2015 an yi gwanjon ɗaya a Amurka kan dala 682,000, ninki da yawa na abin da 'yan'uwanta masu kunnuwa ke kawowa. Har akwai garejoji a Amurka da sana'arsu ita ce cire giyar F1 daga tsofaffin Ferrari su mayar da su na hannu. Sai dai a yi hattara: ƙaranci ne ke kawo wannan daraja, kuma a kasuwar masu tara motoci take. Motar da aka ƙera dubbai ba za ta yi irin wannan tashi ba, kuma a garin da kowa otomatik yake nema, mai giyar hannu kan daɗe kafin ya sami mai saye.

Abin da ya rage a kasuwa

Ƙofar tana ƙara ƙuntata a tsakiya, tana buɗe a gefe biyu. Volkswagen Golf GTI ta yi bankwana da kuloci bayan samfurin 2024. Toyota GR Yaris, wadda ta fito a 2020 da giyar hannu kaɗai, ta sami otomatik a 2024, yayin da Supra ta bi akasin hanyar, ta fito da otomatik a 2019 aka ƙara mata ta hannu a 2022. Honda Civic Type R ba ta taɓa zuwa da wani abu ba sai giyar hannu. A M2, M3 da M4 kuwa, BMW na bayar da ita a masu jan baya kawai.

A can ƙololuwa kuma ta zama kayan alfarma. Gordon Murray T.50, guda 100, inji mai juyi 12,100 a minti, giyar hannu ce. Pagani Utopia ta 2022 tana da zaɓinta mai lamba bakwai. Porsche 911 S/T ta 2023, guda 1,963, babu otomatik a cikinsu. Koenigsegg na Suwidin ya haɗa biyun a CC850, wadda ke aiki a matsayin mai lamba shida da kuloci, ko otomatik mai lamba tara idan direba ya gaji. Motocin lantarki ba sa bukatar sauya giya, duk da haka Hyundai Ioniq 5 N tana kwaikwayon lamba takwas da kwamfuta, har da fizga da sauti, saboda masu saye na son ji.

Hukuncin dai a taƙaice: mai mota ɗaya tilo da ke shiga cunkoso ya ɗauki mai kwanbata, mai neman lokaci a filin tsere ko inji mai ƙarfin gaske ya ɗauki mai kuloci biyu, mai ƙaramar motar gudu ta biyu a gida, ko wanda ke nesa da garejin da ke da kwamfuta, ya ɗauki giyar hannu. Ko wacce zuciya ta karkata gare ta, mai saye ya tuƙa iri biyun a rana ɗaya, a hanya ɗaya, har da cunkoso, sannan ya kai wadda ya zaɓa wurin makaniken da ba na mai sayarwa ba ya bincika ta kafin ya biya ko sisi.